Ranar da Na Rushe Zauren Kwamfuta a Kusada

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Ba taubashina da ya ɗauke ni a babur ba, ba kuma kwamfutar da na zaga har sai da na yi istigifari ba. Ni ne, da furfurata, da karatuna na aji huɗu, da shekarun da na yi ina masinja a kotu ina satar buga tafireta idan akawu ya fita salla.

Ga dalilin tafiyar. Ɗiyata ta fari malamar gona ce. Bara bayan girbi an yi saɓani a wani ƙauye can bayan Dudunni a kan burtali, hanyar da shanu ke bi daga ruga zuwa tafki. Aka zauna aka shirya, aka kafa duwatsu, ita kuma ta ɗauki hoton kowane dutse da icen da ke kusa da shi, ta adana a kwamfutarta ta hannu. Bana da ruwa ya sauka, wani manomi ya shuka gero. Ardo ya ce shukar ta ci burtali, mai gona ya rantse bai taɓa dutse ba. Kwana huɗu shanu ba su ga tafki ba, sai ɗan abin da aka ja masu da guga. Mutanen ruga suka aiko cewa in ba a raba gardama ranar Laraba ba, Alhamis da safe za su kora garken ta cikin geron, abin da zai faru ya faru. Mai unguwa ya aiko a kawo hotuna. Mai hotunan kuwa tana gidana a Kankia tana wankan jego, kwananta goma sha biyu da haihuwa. Aka duba gidan kaf, ba wanda ya taɓa buga harafi da yatsa sai ni.

Ni kuwa mutumin da ne. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, ba na zama inda take, ba na haɗa ido da ita. Yayata ce ta goya ta tun yaye, ita ce kuma ta zo yi mata wanka, kuma duk maganar da za ta shiga tsakanina da ɗiyar fari ta bakin Yaya take bi. Ranar Talata da la'asar mai jego ta zauna a bakin ƙofar ɗaki za ta koya mani yadda ake kunnawa. Na tsaya can gindin darbejiya na juya baya ina gyaran carbi. Tana bayani, Yaya tana miƙo mani abin da ta iya ɗauka, ni ina cewa, "Na sani, na sani." Aka ba ni kalmar sirri a takarda na cusa a hula. Abin da na ji ke nan a karatun.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, ranar Laraba. Na naɗe jakar kwamfuta cikin leda na rataya a ƙirji ƙarƙashin babbar riga, har taubashina ya ce in aka gan mu za a ce tsoho ya yi ciki. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa na ƙamshi, kwaltar Kano ta wanku tas. Manyan motoci na wuce mu suna watsa mana iska, babur na rawa, ni ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Hagu da dama mutane sun riga mu fita, maza na sara da sungumi, masu zuba iri na bin su suna rufewa da diddige. Inda aka yi shukar fari gero ya fito kamar gashin jariri. Muka tsaya wurin masu fetur na galan, aka faɗi farashi, taubashina ya tambayi mai man ko da zuma aka dama shi. Mai shayin da ke kusa ya yanko mana burodi, na ɗaga yankan na hango hasken gari ta cikinsa.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Kusada. Da yake kwana biyu ba wuta a unguwarmu, an ce in tsaya in cika batir. Muka sami wani mai cajin waya da janaretansa ke ƙugi a bayan rumfa, ya jona mana, muka zauna a benci muka aika aka sayo ƙosai mai zafi da kunun tsamiya. Ƙosan Kusada dai ba laifi, sun fi namu albasa, sai dai mai suyar tana ƙirga su kamar tana rabon gado.

A nan Shaiɗan ya zo ya zauna a tsakaninmu. Na ce bari in gwada kunnawa tun kafin a taru a kaina. Na danna, sai ga baƙin allo da layukan Turanci, wata lamba a ƙasa tana saukowa kamar ana ƙirga wa mutum kwanakinsa. Na ruɗe na taɓa kibiya, na danna babban maɓalli, sai na tsinci kaina a wani wuri da ban sani ba, yana neman wata kalmar sirri da ba ita ce a hulata ba. Ashe manhaja biyu ce a cikin injin, ta ofis da wadda ake kira Linux, inda hotunan suke, wannan jerin layukan kuwa shi ke tambayar wadda mutum zai shiga. Da na bar shi ya gama ƙirgensa, da shi da kansa zai kai ni inda nake so. Wannan duk an faɗa ranar Talata. Ina gindin darbejiya.

Na kashe na sake kunnawa, na naɗe hannu, ya kai ni lafiya. Amma taubashina ya riga ya sami abin yi.

"Haka za ka yi a gaban Ardo, Injiniya? Ka bari in nemo maka ɗan jagora."

Maganar ta soke ni. Na laluba jakar na sami littafin rubutu na mai jego, irin na 'yan makaranta, cike da rubutun hannunta. A wani shafi ta rubuta da manyan baƙaƙe: GRUB, jerin da ke fitowa in an kunna. Ƙarƙashinsa layi biyu, ɗaya ta sa masa "sakawa", ɗaya "cirewa ƙarƙaf". Na ce alhamdu lillahi, ga ciwo ga magani. In an cire mai tambaya, ai sai a wuce kai tsaye. Kada ku ce ta yaya na san inda ake rubutawa. Ba na kallon yarinyar nan, gaskiya ne, amma ina leƙe, kuma na sha ganin maɓallai ukun da take dannawa tare baƙar taga ta buɗe. Na gyara tabarau, na sa yatsu biyu irin na tafireta, na kwafe layin harafi bayan harafi: sudo apt purge grub-pc. Ya nemi kalmar sirri, na cire hula na ba shi. Rubutu ya yi ta gudu. Sai ga wani shuɗin akwati da dogon Turanci, a ƙasa akwai eh da a'a. Ban karanta ba. Shekara talatin ina kai takarda ina karɓo takarda, ban taɓa ce wa takarda a'a ba. Na zaɓi eh.

Abin da ya ƙara rufe mani ido shi ne, ba abin da ya faru. Injin ya ci gaba da aikinsa. Na buɗe hotuna na nuna wa taubashina, ga duwatsu, ga itatuwa, ga mutane. Na kashe don kada batir ya ragu, na mayar cikin leda, na ce masa ilimi ba a aji yake ba. Daga baya aka nuna mani cewa akwai gargaɗi da jan biro a bayan shafin. Ban juya ba.

Daga Kusada muka bar hanya mai kyau muka kama ta ƙasa. Yashi ya jiƙe ya daddale, amma akwai kwazazzabo biyu da sai da na sauka na taka, riƙe da ƙirjina. Muna wuce Dudunni muka fara jin kukan shanu, ba irin na safiya ba, wani dogon kuka mai karya zuciya. Mun gan su a killace bayan ruga, sun juya fuska gabas inda tafkin yake. A bakin ƙauye mata masu nono suna zaune da ƙoransu a rufe da faifai, ba mai saye, su ma ba sa tallatawa. A nan na san abin ya wuce yadda aka faɗa mana a Kankia, domin ranar da fura da nono suka rasa mai saye a ƙauye, to zumunci ne ya yi tsami.

An taru a gindin wata tsamiya ƙofar gidan mai unguwa. Mutanen ruga a gefe guda da sandunansu a kafaɗa, manoma a ɗaya gefen, kowa da fartanya alhali ba wanda ya fito daga noma. Ardo dogon dattijo ne mara yawan magana. Mai gona kuwa gajere ne, yana ta share gumi yana rantsuwar da ba wanda ya nema. Aka yi Azahar tare, sahu ya cika, amma ana sallamewa kowa ya koma gefensa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiya, aka kifa turmi, na ɗora kwamfuta a kai. Na yi bisimilla da ƙarfi don a ji, na danna.

Baƙin allo. Jerin da na tsana babu shi, gaskiya, aikina ya ci. Sai dai abin da ya maye gurbinsa ɗan guntun rubutu ne a kusurwa, grub rescue, da wani ɗan layi yana ƙifta mani ido. Na jira. Na danna babban maɓalli, ya sake rubuta abin da ya rubuta. Na kashe na kunna. Na hura masa iska, na goge shi da hannun riga. Ana jiyo kukan shanu daga nesa. Gumi ya bi ta bayana har cikin wando.

Ƙanin Ardo ne ya fara magana, bai ma ɗaga murya ba. "An goge," ya ce. "An tsaya a hanya an goge."

Wani daga cikin manoma ya ce a iya baki. Na ga sanduna sun sauko daga kafaɗu. Sai taubashina, Allah Ya saka masa ko da yake ban yafe ba, ya miƙe ya durƙusa gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba cin amana ba ne, wauta ce tsagwaronta. A gabana ya yi ta, yana cin ƙosai. Na san shi shekara sittin, ba shi da wayon da zai ci amana."

Ba wanda ya yi dariya, amma sandunan sun tsaya inda suke. Ardo ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce ya ba ni zuwa La'asar. In an kira salla ba hoto, shi ya cire hannunsa, ba zai iya riƙe mutanensa ba.

Ƙauyen ba sabis. Sai an koma wani tudu a hanyar Kusada, inda mutanen wurin ke zuwa waya, har sun ajiye kututture don zama. Ba a yarda mu tafi mu kaɗai ba. Aka haɗa mu da shaidu biyu a wani babur, ƙanin Ardo da maƙwabcin mai gona, suna goye da juna. A kan tudun na zauna a kututture, na ɗora injin a cinya, na kira Yaya da ƙaramar wayata.

"Yaya, ki ce wa mai jegon, wai injin nan ya ɗan yi gardama."

Na ji ta faɗa, na ji an tambaya daga nesa, ta dawo ta ce wai me ya rubuta. Na karanta mata. Ta maimaita wani abu da ba shi na faɗa ba. Muka yi haka sau uku, rana na tafiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai Yaya ta ce, "Kai, ni ban yi boko ba, kuma ba a haife ni don aikenku ba. Ga ta nan." Kafin in ce a'a, sai na ji murya a kunnena.

"Baba, ina wuni."

Jama'a, na tsaya gaban alƙalai masu zafi, ban taɓa jin abin da na ji a kan kututturen nan ba. Na dubi taubashina, ya kau da kai. Na dubi ƙanin Ardo, wanda ya fi ni sanin wannan kunya, shi ma ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sanda. Na ce, "Lafiya lau." Ta ce, "Me ka rubuta masa, Baba?" Na faɗa mata duka, har da shuɗin akwati. Ina jin jaririn yana ƙananan kuka.

"Ba komai, Baba. Ɗakunan suna nan da kayansu. Zauren ka rushe, shi ya sa ba ta inda za a shiga."

Ta ce in duba ƙaramin aljihun jakar, akwai filashi, ɗan ma'aji kamar yatsa, mai manhajar tada inji a cikinsa. Na soka shi a gefe, na kunna ina danna maɓallin da ta ce, sai ga injin ya farka daga cikin filashin. Ta bi da ni har na buɗe ma'ajiyar hotunan, ga su nan ba wanda ya ɓata. Na kusa yin guɗa. Ta ce mu koma haka mu nuna, gyara ya jira gida. Na juya na yi wa shaidu albishir, sai ƙanin Ardo ya girgiza kai. Ya ce bara a cikin injin nan aka nuna masu hotuna, ba a soka masa komai ba. Yau kuma an zaro wani abu daga aljihu an soka, hotuna sun fito. Shi ba zai je ya ce wa mutanensa su yarda da hoton aljihu ba. A cire abin, injin ya tashi da kansa, ko kuwa a bar maganar. Maƙwabcin mai gona, don kada a bar shi a baya, ya ce shi ma haka.

Na faɗa mata. Ta ce, "Suna da gaskiya. To sai mu sake gina zauren. Batir nawa ya rage?" Na duba, ya yi ƙasa da rabi.

Ta ce wannan apt ɗin da na yi amfani da shi kamar mai sito ne, abin da ka ce ya fitar zai fitar, abin da ka ce ya kawo zai kawo, amma kawowa sai da intanet. Taubashina ya kunna na babbar wayarsa ya ba injin, ya miƙe tsaye a ƙarshen tudu ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Daga nan ta fara yi mani shifta. Layi biyar ko shida ne na share fage, don mu shiga tsohon gidan daga cikin filashi mu yi aiki kamar muna ciki. Ba zan iya maimaita su ba ko da wuƙa a wuya. Harafi ɗaya ɗaya take faɗa, tana cewa a bar fili, a sa karan tsaye mai jirge, ni ina bugawa ina karanta mata abin da na buga. Sau biyu na yi kuskure injin ya ƙi, ba ta ce komai ba sai, "A sake, Baba, a hankali." Can daga baya ina jin Yaya tana faɗa cewa ruwa ya tafasa tun ɗazu.

Sannan muka zo layin sakawa, apt install grub-pc. Na danna. Wata lamba ta fara hawa, ta kai tsakiya ta tsaya. Iska ta taso, hadari ya rufe rabin sama, sabis ya ɗauke. Kiran da ke kunnena ma ya yanke. Muka zauna mu huɗu muna kallon lambar da ba ta motsi, batir na sauka, inuwar kututture ta yi tsawo. Ƙanin Ardo ya karɓi wayar daga hannun taubashina, da yake ya fi shi tsawo, ya hau kan babur ya tsaya, maƙwabcin mai gona ya riƙe masa ƙafafu. Lambar ta motsa. Na sake kira, ta ɗauka tun kafin ya yi ƙara.

Shuɗin akwati ya sake fitowa. Wannan karon na karanta mata shi tun daga farko har ƙarshe, ina tuntuɓe a kan kowace kalma, ba wanda ya ce in yi sauri. Tambaya yake a kan wane faifai za a kafa zauren. Ta ce in zaɓi babban, na cikin injin, kada in kuskura in zaɓi filashi. Na zaɓa, rubutu ya gudu ya tsaya. Ta ce in kashe, in zare filashin, in kunna. Na zare na miƙa wa ƙanin Ardo ya riƙe a hannunsa. Na danna. Baƙin allo, sannan layukan Turanci, sannan lambar nan tana saukowa. Ban taɓa ganin abin da ya kai ta kyau ba. Na zauna a kan hannuwana har ta gama.

Muna isa ƙauye ladan na gyaran murya. Aka ce a fara salla, aka yi ta a gaggauce, sannan aka kunna a kan turmi a gaban kowa, ƙanin Ardo ya ɗaga filashin sama don a ga ba a soka komai ba. Hoto na huɗu ne ya raba gardama. Dutsen yana gindin wata aduwa, har reshenta na taɓa kan mutanen da ke tsaye. Aka ɗunguma zuwa gona, aka tarar da aduwa a inda Allah Ya dasa ta, dutse kuwa ya yi tafiya taku bakwai cikin burtali. Mai gona ya daina rantsuwa. Ya ce mai yiwuwa masu garmar shanun da ya ɗauka ne suka kawar da shi don ya tare masu hanya. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya ƙaryata shi, domin an bar masa ƙofar fita. Shi da Ardo suka ɗauki dutsen tare suka mayar. Kunya biyar na gero suka tafi. Ba a jira Alhamis ba, a take aka buɗe wa shanu, suka bi burtali a guje har ƙasa na girgiza, ruwan sama ya sauko a kansu da kanmu.

Mun dawo a jiƙe sharkaf, injin kaɗai ne busasshe. Wata mai nono ta cusa mana ƙullin man shanu ta ce a kai wa mai jego. Kwazazzaban nan biyu sun cika, sai da muka tura babur ruwa har gwiwa, muka iso Kankia ana kiran Magariba.

Abin da tafiyar ta koya mani ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Abin da ka tarar a bakin ƙofa yana yi maka tambaya, kada ka kore shi don ya dame ka, sai ka san abin da yake tsarewa. In takarda ta tambaye ka, karanta ta, ko da a'a ce amsar. In ka ga layin cirewa a littafin wani, juya shafi. Kunya kuma ado ce, ban fasa faɗa ba, amma adon da ya hana ka jin karatu ya kusa sa a zubar da jini a kan taku bakwai.

Bayan salla na zauna a tsakar gida ina ba maƙwabta labari, na kai inda nake cewa yanzu duk Kankia ba wanda ya kai ni sanin wannan aiki, tunda na cire da hannuna na kuma saka da hannuna. Yaya na tsugune bakin murhu tana fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika mata ido. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Cirewar ce taka. Sakawa mai jego ta yi, da ɗa a nono, ruwan wankanta ya huce sau biyu. Injiniya, taso ka hura wutar nan."